Ƙasar tukunya ta ƙi tsanewa, ganye kuma sai yaushi yake yi: ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina renon tumatir da barkono a cikin ɗaki, ƙarƙashin fitilar shuka. Sati uku da suka wuce na cire su daga ƙananan kofuna na dasa a bokitan roba masu cin lita 20, na zuba tsakuwa a gindin kowane bokiti don ruwa ya riƙa wucewa. Kullum da safe nake ba su ruwa. Yanzu ganyen duk ya sunkuya, na ƙasa sun yi rawaya, ƙasar ba ta bushewa, ga wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe suna tashi in na taɓa bokitin. Na ƙara taki, abin sai gaba yake yi. Don Allah a taimaka.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka karanta sauran bayanin, ka ajiye butar ban-ruwa, ka ajiye takin nan, kada ko ɗaya ya sake kusantar bokitan sai ka gama abin da zan faɗa maka. Numfashi ne ya gagari shukarka. Duk alamun da ka lissafa daga nan suka taso, kuma da sauran dama a ceto ta in dai gindin karan bai ruɓe ba.

Mutane da yawa ba su san cewa saiwa tana shaƙar iska ba. Ganye ne ke haɗa abinci da haske, amma saiwa sai ta ƙona wannan abincin da iskar oksijin kafin ta samu ƙarfin tsotso ruwa da gishirin ƙasa. Wannan iskar tana samunta ne a 'yan kafofin da ke tsakanin ɓarɓashin ƙasa. A iskar da muke shaƙa, oksijin kashi 21 ne cikin 100. A ruwa kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai: lita guda mai ɗumin digiri 20 ba ta riƙe abin da ya wuce miligiram 9 ko kusa da haka, in ruwan ya ƙara ɗumi ma sai ya ragu. Ga shi kuma oksijin yana ratsa ruwa a hankali, kusan sau 10,000 ƙasa da yadda yake ratsa iska. To da zarar ruwa ya cike kafofin nan, saiwa da ƙananan halittun da ke cikin ƙasa za su shanye ɗan abin da ya rage cikin yini ɗaya ko biyu, sabo kuma ba ya isowa. Daga nan saiwa ta koma neman ƙarfi ta hanyar tsimi, tana tara barasa a jikinta, siraran gashin da take sha da su su fara mutuwa. Tumatir na cikin shukokin da ba sa jure wannan hali ko kaɗan.

Nan ne tarkon yake. Saiwar da ta shaƙe ba ta iya tura ruwa sama, sai ganye ya langaɓe kamar na shukar da ta kwana uku ba ruwa. Mai shuka ya gani, tausayi ya kama shi, ya ƙara ruwa. Ganye ya yi rawaya, ya ce yunwa ce, ya ƙara taki. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: takin da saiwa ba ta iya sha taruwa yake yi ya zama gishiri, ya ƙone 'yan saiwoyin da suka rage. Rawayar da ka gani a ganyen ƙasa da gaske ƙarancin naitirojin ne, sinadarin taki da ke sa ganye ya yi kore, amma ba don babu shi a bokitin ba tun farko. Wani ruwa ya wanke shi, wani ƙwayoyin da ke rayuwa ba iska sun mayar da shi iska ya tashi, wanda ya rage kuma babu bakin da zai sha.

Akwai bambanci tsakanin yaushin ƙishirwa da yaushin shaƙewa, kuma hannu ya fi ido gane shi. Ganyen da ke jin ƙishirwa ya kan yi laushi, siriri, kamar tsumma, in ka ba shi ruwa cikin awa biyu ko uku ya miƙe. Wanda ruwa ya yi wa yawa kuwa za ka ji shi da kauri da nauyi, amma ya lanƙwashe ƙasa tun daga wuyan da ya haɗa shi da kara, kamar ana danna shi. Wata iska ce mai suna etilin ke jawo wannan lanƙwasar, shukar ce da kanta ke ƙera ta idan saiwa ta rasa numfashi. Ka juya ganyen barkonon ka duba bayansa. In ka ga 'yan ƙuraje kamar an barbaɗa gishiri ko sukari, ba ƙwari ba ne, ƙwayoyin ganyen ne suka cika da ruwa har suka fashe, abin da ke yawan faruwa a ɗaki mai laima da ƙarancin iska.

Don ka tabbatar, ɗaga bokitin. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka nauyi ba ya ƙarya. Sai ka samu dogon tsinke na icce busasshe, ka soka shi ta gefe har gindi, ka bar shi minti goma, ka zaro. In ƙasan tsinken ya fito baƙi, a jiƙe, da caɓi manne a jiki, ka samu amsa. Sannan ka karkata bokitin ka sunsuna ramin gindi. Ƙasa mai lafiya ƙamshin ƙasa take yi, irin na farkon ruwan sama. In ka ji tsami, ko warin baragurbi, to can ƙasa iska ta ƙare tuni. 'Yan na'urorin auna danshi masu tsinken ƙarfe da ake sokawa, ni ban cika dogara da su ba, domin abin da suke aunawa shi ne yadda lantarki ke ratsa ƙasar, kuma gishirin taki yana ruɗa su.

A wasiƙarka na ga abubuwa uku da suka haɗu suka jawo wannan, kuma wanda ya fi ba mutane mamaki shi ne tsakuwar.

Ɗauki soson wanka mai kusurwa huɗu, ka tsoma shi a ruwa ya jiƙe sharkaf, ka ɗaga shi a kwance ba tare da ka matse ba. Zai ɗiga ya tsaya. Yanzu tsayar da shi a tsaye, za ka ga wani ruwan ya sake zubowa. Bayan ya daina ɗiga, taɓa samansa, taɓa ƙasansa: sama ya tsane, amma akwai wani yanki a ƙasa, kamar faɗin yatsa biyu, da ke cike taf da ruwa, ya ƙi sauka. Ɗora soson a kan tsakuwa ka gani ko zai sake. Ba zai sake ba. Ƙananan kafofi suna riƙe ruwa da ƙarfin da ya fi nauyin ruwan, kuma ruwa ba ya barin ƙaramar kafa ya shiga babba sai ƙaramar ta cika ta tumbatsa. Haka ƙasar tukunya take. Kowace tukunya, komai yawan ramukanta, tana da wannan jiƙaƙƙen yanki a gindi bayan ban-ruwa. Tsayinsa bai danganta da girman tukunyar ba, laushin ƙasar ne ke yanke shi: ƙasa mai laushi kamar gari tana iya riƙe santimita da yawa, mai gautsi da manyan ɓarɓashi ɗan kaɗan take riƙewa. Da ka zuba tsakuwa, gindin ƙasar kawai ka ɗaga sama. Jiƙaƙƙen yankin yana nan yadda yake, sai dai yanzu ya matso kusa da saiwar. Wannan al'adar zuba tsakuwa ta daɗe ana gadonta daga bakin wannan zuwa wancan, kuma na ga ta kashe shuka fiye da yadda ƙwari suka kashe. In abin da ake tsoro shi ne kada ƙasa ta zube ta ramin, ɗan yankin raga ya wadatar.

Na biyu shi ne girman bokitin. Dashen da ya fito daga kofi saiwarsa ba ta fi dunƙulen hannu ba. Ka sa shi a lita 20, wato ka kewaye shi da ƙasar da babu mai shan ruwanta. A tukunya, shukar ce babban abin da ke busar da ƙasa, domin fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da saiwa ta tsotsa ta ganye yake fita ya bi iska. Shuka mai ganye shida ba za ta iya busar da bokiti ba. Da daga kofi ka koma tukunyar lita 2 ko 3, in saiwa ta cika ta ka koma lita 8 ko 10, sannan babban bokitin, da ba ka ga wannan ba.

Na uku, ban-ruwa kowace safiya. Wannan tsarin shukar waje ne, inda rana da iska ke aiki yini guda. A ɗaki babu su. Fitilar da ba ta da ƙarfi ba ta sa ganye buɗe kafofinsa sosai, in an kashe ta kuma sai ya rufe su. In ɗakin a rufe yake, danshin da ganye ya fitar nan yake tsayawa, iska ta ƙoshi, ganye ya daina fitarwa, saiwa ta daina ja. In bokitan a kan siminti ko tayil mai sanyi suke, abin ya ƙara lalacewa, domin saiwar tumatir da barkono ta fi aiki a tsakanin digiri 18 zuwa 24, in ƙasa ta yi sanyi sai ta yi kasala.

Ba ka faɗi irin ƙasar da ka zuba ba, amma ina zargin ita ma. Ƙasar lambu ko ta gona, duk kyawunta a fili, in ta shiga tukunya danƙarewa take yi kamar bulo. Yashi mai laushi da wasu ke ƙarawa don ruwa ya wuce, shiga yake yi ya toshe kafofin da ake nema. Ƙasar buhu da ake sayarwa ma, in ta tsufa ko an yi ta amfani da ita, ruɓewa take yi ta koma gari. Ga kuma danne ƙasa da tafin hannu lokacin dashe, wanda kusan kowa ke yi. Ƙasar tukunya ta kirki, bayan an jiƙa ta ta tsane, ya kamata aƙalla kashi 10 zuwa 20 cikin 100 nata ya zama iska ce. Gwajinta mai sauƙi ne: damƙi jiƙaƙƙiya a hannu ka matse ka buɗe. In ta wargaje da ka ɗan taɓa ta da yatsa, madalla. In ta tsaya dunƙule da shatin yatsunka a jiki tana sheƙi, ba ta dace da tukunya ba.

Yanzu ceto. In babu wari, gindin kara kuma yana da tauri da launinsa, ba sai ka tumɓuke ba. Zubar da duk ruwan da ke cikin farantin da ke ƙarƙashin bokitin, ka ɗora bokitin a kan 'yan katakai biyu don iska ta ratsa ta ƙasa kuma ya rabu da sanyin daɓe. Ƙara ramuka, musamman a gefe, dab da inda ƙasar ta haɗu da tsakuwar. Karkata bokitin ka tokare shi na 'yan awoyi, za ka yi mamakin ruwan da zai fito daga abin da kake ganin ya gama tsanewa, daidai da soson da aka tsayar. Abin da na fi amfani da shi shi ne lagwani: yanki tsohon tsumman auduga, ka tura kansa da tsinke ta ramin gefe har ya shiga cikin ƙasar kanta, ka bar jelarsa tana lilo ƙasa da gindin bokitin. Zai yi ta ɗiga dare da rana har ya zuƙe jiƙaƙƙen yankin. Soka tsinke ka yi 'yan ramuka a kewayen ƙasar, nesa da kara. Kunna ƙaramar fanka ta riƙa kaɗa ganyen a hankali, ka bar ƙofa ko taga a buɗe, kuma ka ɗan nisanta fitilar na kwana biyu ko uku, domin shukar da ba ta iya sha bai kamata a matsa mata da haske mai zafi ba. Ka lura kada ruwan da ke ɗiga ya kai ga wayoyin fitila da fanka.

Amma da yake sati uku ke nan, ga tsakuwa, ga bokitin ya yi girma, shawarata ka fito da su. Shimfiɗa tsofaffin jaridu, ka kwantar da bokitin, ka zaro shukar da ƙasarta a hankali, kada ka ja ta kara. Jiƙaƙƙiyar ƙasar da babu saiwa a ciki za ta zube da kanta. Sai ka duba. Saiwa mai rai fara ce ko ruwan madara, da ɗan tauri, in ka lanƙwasa ta sai ta karye ƙas. Matacciya ruwan ƙasa ce ko baƙa, da santsi. Kama ɗaya tsakanin babban yatsa da manuni ka ja a hankali. In fatar ta saluɓe ta biyo yatsunka, ta bar wani siririn zare kamar gashi a tsakiya, wannan ruɓar saiwa ce, kuma galibi aikin wata halitta ce mai kama da fumfuna da ake kira Pythium. Ita da 'yar'uwarta Phytophthora 'ya'yansu iyo suke yi a cikin ruwa, shi ya sa ƙasar da ta jiƙe ta zame musu hanya daga wannan saiwa zuwa waccan, har daga wannan tukunya zuwa waccan in faranti ɗaya suke zaune a kai.

Goge almakashi da barasar asibiti mai kashi 70, ka yanke duk abin da ya ruɓe har ka kai ga farin. In ka rage saiwa da yawa, rage ganye ma, ka fara da masu rawaya da manyan na ƙasa, ka cire fure ko 'ya'ya in akwai, domin saiwar da ta rage ba za ta iya ɗaukar nauyinsu ba. Dasa a tukunyar da ta fi dunƙulen saiwar da ɗan kaɗan kawai. Ta yumɓu wadda ba a shafa mata komai ba, ko ta yadi, duk sun fi roba a wannan hali, saboda suna fitar da danshi ta jikinsu. Sabuwar ƙasa za ka sa: kashi biyu na ƙasar buhu ko zaren ɓawon kwakwa da aka wanke, kashi ɗaya na falayit, wato wannan farin dutse marar nauyi da ake samu ta hanyar gasa gilashin dutsen aman wuta har ya kumbura. In babu shi, buntun shinkafa da aka turara ko ɓawon icce da aka farfasa kamar girman ƙwayar wake za su yi aikin. Kada ka musanya shi da bamikulayit, wani ma'adini mai ƙyalli da shi ma ake haɗawa a ƙasar tukunya, domin shi riƙe ruwa yake yi. Ƙasar ta zama da ɗan danshi tun kafin ka zuba, ka bubbuga tukunyar ta zauna da kanta, ban da dannewa. Ba shi ruwa kaɗan a kewayen saiwar, ka ƙyale shi.

Wanda ka tarar gindin karansa ya yi baƙi ya yi laushi, ko ya tsuke kamar an ɗaure shi da zare, wannan ya tafi, kada ka ɓata lokaci. In tumatir ne, yanki kansa mai lafiya kamar santimita 12 zuwa 15, ka cire ganyen ƙasa, ka tsoma a kofin ruwa mai tsabta kana canzawa, cikin sati ɗaya zuwa biyu zai fitar da saiwa. Barkono ya fi jinkiri kuma ba kullum yake kamawa ba. Tsohuwar ƙasar kada ta koma kan wata shuka. Bokitan kuma a wanke su tas, a jiƙa su a ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, na tsawon rabin awa, a ɗauraye.

Za ka ji masu cewa a zuba haidirojin feroksaid, wannan ruwan wanke ciwo mai kumfa, wai yana kai wa saiwa oksijin. Gaskiya ne yana rikiɗa ya zama ruwa da oksijin, amma cikin ɗan lokaci kumfar ke ƙarewa, ya kashe ƙwayoyi masu amfani tare da masu cutar, kuma ka lura cewa ruwa ne dai ka ƙara wa ƙasar da ruwa ya yi wa yawa. A ɗauraye saiwar da aka yanke da shi bayan an sirka, ba laifi. A mayar da shi magani a bar ƙasar yadda take, wannan garin neman gira ne a rasa ido.

Ƙudajen nan kuwa ba su ne ciwon ba, shaida ce cewa saman ƙasar ba ya bushewa. Uwar tana saka ƙwai a danshi, tsutsotsin farare ne shara-shara masu baƙin kai, suna zaune a santimita biyar na sama suna cin fumfuna da ƙananan saiwoyi, daga ƙwai zuwa ƙuda kuma sati uku zuwa huɗu ne. In kana son ganinsu, ɗora yankin ɗanyen dankali a kan ƙasar, ka ɗaga bayan kwana biyu. Barin sama ya bushe tsakanin ban-ruwa shi ke karya su. Takarda mai danƙo ruwan ɗorawa tana kama manyan, in sun yi yawa kuma akwai maganin wata ƙwayar bakteriya mai suna Bti da ake sa wa a ruwa, tsutsar kawai yake kashewa.

Sai yadda za ka riƙa ba da ruwa nan gaba, domin na sha ganin wanda ya tsorata ya koma yayyafa rabin kofi kullum, wanda shi ma ɓarna ne: sama a jiƙe, tsakiya a bushe, gishiri na taruwa. Idan saiwa ta kama, ka ba da ruwa sosai a hankali har ya fito ta gindi, ka zubar da na faranti, sannan ka jira. Jiran nan sikeli ne zai faɗa maka tsawonsa. Misali, in tukunya da ƙasarta kusan a bushe kilo 3 ce, bayan ban-ruwa ta tsane ta zama kilo 5, to kilo 2 na ruwa take riƙewa, sai ta sauko wajen kilo 4 ko ƙasa kaɗan ka sake ba ta. Yau yana iya zama kwana biyar, bayan wata guda in ganye ya yi yawa ya koma kwana biyu. Bayan 'yan makonni hannunka zai san nauyin ba tare da sikeli ba. Ka riƙa ba da ruwan jim kaɗan bayan kunna fitila, kuma kada ya zama mai sanyi ƙarara.

Ganyen da ya riga ya yi rawaya ba zai koma kore ba, kada ka auna sauƙi da shi. Tsakiyar kan shukar za ka riƙa dubawa. In cikin kwana bakwai zuwa sha huɗu ka ga sabon toho ya fito a miƙe, tukunyar kuma ta fara yin sauƙin nauyi da wuri fiye da da, saiwa ta dawo aiki. A lokacin ne za ka mayar da fitilar inda take, ka fara taki da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwalin, ka ƙara a hankali. In ka fito da su ka ga wani abu a saiwar da bai yi kama da abin da na kwatanta ba, ka sake rubuto mini ka faɗi launinta da warinta da irin ƙasar da ka zuba.